Kabarin da Aka Nuna wa Baba Amadu Ba na Ɗansa Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Jana'iza na ƙungiyarmu ta baƙi mazauna Sabha, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali, da harkoki, da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Alhaji, ni ne Iliya ɗan Damagaram, wanda kasuwa ta fi sani da Takwas. Na faɗi sunana ba don ka manta da ni ba, sai don waɗanda za su karanta wannan takarda a ƙofar masallaci da zauren ƙungiya na waya, wasunsu sababbin zuwa ne. Shekara bakwai ina riƙe da rajistar mamatanmu a kwamfutar biro, wato ofishin ƙungiya, har ranar Asabar ta makon jiya da aka karɓe makulli daga hannuna, aka liƙa sanarwa a ƙofa wai an dakatar da ni saboda na yi wasa da na'urar ƙungiya. Sau biyu na zo gidanka a unguwar Sukra don mu yi magana a ɗaki, irin ta manya. Zuwan farko aka ce kana barci. Zuwa na biyu aka ce ka fita, alhali motarka tana inuwa, takalminka yana bakin ƙofa. Ban ce an yi mini ƙarya ba, mai yiwuwa ba takalmi ka fita. To, tunda a bango aka rubuta laifina, a bango zan ba da amsa.

Na farko: mece ce wannan rajista.

Yawancin masu tofa baki a wannan magana ba su taɓa ganinta ba, don haka bari in fara daga nan. Kowa ya san ɓangaren baƙi na maƙabartar bayan gari ba shi da allon suna. An taɓa gwada rubutawa a fallen gwangwani, rana ta cinye fenti, iskar gibli mai zafi da yashi ta kwashe saura. Dutse ne kawai a kai da ƙafa. Abin da ya bambanta kabarin wane da na wane abu ɗaya ne, shi ne jeri. Malam Idi mai haƙar kabari, wanda kakanninsa suka zo ƙasar nan da ayari tun kafin a haifi iyayenmu, shi ya kafa ƙa'idar: ana fara sahu daga jikin katanga, a bi da bi, ba a tsallake wuri, in sahu ya cika a koma katanga a fara wani.

Haka ni ma nake rubutawa. Mutum ɗaya, layi ɗaya: sunansa, sunan mahaifinsa in an sani, da garinsu. Wanda ba a san sunansa ba in rubuta abin da aka sani, kamar "wani ɗan Gana mai aikin tayil" ko "wata baiwar Allah daga Mali". In sahu ya ƙare in bar layi guda fari, in ci gaba a ƙasa. Saboda haka in wani ya zo neman ɗan'uwansa, sai in ƙirga fararen layuka in san sahu, in ƙirga sunaye in san kabari na nawa ne daga katanga. Ba ma rubuta rana, domin Malam Idi ya ce ranar mutuwa ta hukuma ce, tana jikin takardar izinin binnewa, namu aikin shi ne wuri. Alhaji, ka riƙe wannan: a rajistar nan, sunayen rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne wa ke bin wa.

Na biyu: maganar maɓallin F9, wanda aka ce na yi wasa da shi.

Ba a banza ake ce mini Takwas ba. Shekarar da na zo garin nan na yi aikin gini a unguwar Gurda, injin yankan ƙarfe ya ɗauke mini ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun hagu. Na gode Allah da ya bar mini sauran. Da su na sayar da shayi, na yi dillancin taya, na auna dabino, da su kuma nake buga wasiƙun mutane, domin na yi lakkol, wato makarantar boko, a gida har aji na kusa da ƙarshe, na kuma koyi bugun rubutu a wurin wani tsohon akawu.

A kwamfuta akwai abin da nake kira maɓallan ratse. Maimakon ka ɗauki linzamin kwamfuta ka bi doguwar hanya kana neman inda aka rubuta "adana", sai ka danna maɓalli biyu tare, aiki ya yiwu. Na adanawa shi ne Kontrol da S, duka biyun a kusurwar hagu, an yi su ne don mai yatsa goma. Ni kuwa sai na ɗago hannun dama na ƙetara, kamar mai cin tuwo ta bayan ƙeya. Manhajar rubutun da muke aiki da ita kuwa irin wadda aka bar wa mutum ya gyara ce. Tana da takardar saiti, inda kake rubuta cewa maɓalli kaza aikinsa kaza. Masu ita ne suka bar ƙofar a buɗe, ba ta taga na shiga ba.

Sai na nemi maɓalli guda da yatsan dama zai kai ba wahala, na ga F9 a sahun sama. Na duba jerin umarni, na tarar yana da mai shi: aikinsa na asali shi ne jera layuka bisa haruffa, masu A su hau sama, masu Z su gangara ƙasa. Na ce wannan ai ba baƙon da za a bari kusa da rajistar kaburbura ba ne. Na tashe shi, na zaunar da "adana" a wurin. Na yanki filasta na liƙa a kan maɓallin, na rubuta ADANA da manyan baƙaƙe. Shugaban da ka gada, Allah ya jiƙansa, yana tsaye a kaina na yi, har ya yi mini ba'a ya ce na yi wa kwamfuta kaciya. Shekara bakwai filastar nan tana nan, ta yi baƙi da gumi, na sake ta ya fi sau biyar. Kai kanka, Alhaji, ka sha jingina da teburin nan kana faɗa mini abin da zan rubuta wa baladiya, hukumar gari. In wasa ne, to an daɗe ana kallo.

Na uku: abin da ya faru.

Bayan babbar salla kwamiti ya kawo Malam Nasiru, wanda kuke kira Injiniya, don ya riƙa taimakawa da takardun Turanci. Na yi murna, domin Turancina na kasuwa ne, ya isa ciniki bai isa ofis ba. Mutum ne mai ilimi, yana da takardar shaida daga Kano, ba ni da wani ƙulli da shi. Tun ranar farko dai ya raina allon maɓallanmu, wai na 'yan Faransa ne, haruffansa a karkace. Na ce masa karkatacce ne ga wanda ya tsaya a karkace, muka yi dariya, aka wuce.

Ranar wata Lahadi ina kasuwa, ya kwaso wani tsarin maɓallan ratse daga intanet, irin wanda ya saba aiki da shi, ya zuba a takardar saiti, ƙarƙashin nawa. Bai goge nawa ba, wannan na shaide shi. Amma a cikin kayan da ya zuba akwai layin da ya ce F9 na jera layuka ne. Ka ga maɓalli ɗaya ya zama da umarni biyu. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san abin da ke faruwa in sarkin kasuwa ya ba mutum biyu rumfa ɗaya. Bambancin kawai, a kasuwa za a ji hayaniya a zo a raba. Manhajar nan ba ta hayaniya. Wanda aka rubuta daga ƙarshe shi take ba wa wuri, na farko ta tashe shi shiru, ko sallama babu. Filasta tana cewa ADANA, ciki kuwa an sauya mai gida.

Washegari Litinin muka binne wani bawan Allah ɗan Burkina. Na dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafa, ƙanensa yana zaune gabana yana kuka. Na buɗe rajista, na gangara ƙasa, na rubuta sunan. Ni kuma ɗabi'ata, wadda kasuwa ta koya mini, ba na kallon allo in mutum yana gabana, fuskarsa nake kallo. Na danna F9 kamar yadda na danna shi sau dubbai. Na rufe. Manhajar ta tambaya ko a adana canji, abin da ba ta saba tambayata ba. Na ji wani abu a raina na ɗan lokaci, amma mutum na kuka a gabana, na danna "e", na tashi na raka shi bakin titi.

Sai ranar Alhamis na sake buɗewa. Na ga saman allo fari fat, domin fararen layukan nan da ke raba sahu da sahu duk sun taru a sama. Ƙarƙashinsu Abdu, Abdu, Abdullahi, Abubakar, Adamu, a jere kamar 'yan makaranta ranar kiran suna. Duk "wani" da "wata" sun taru a ƙasa wuri guda. Ko suna ɗaya bai ɓata ba, Alhaji, amma ko mutum ɗaya ba ya inda yake kwance. Na nemi komawa baya, amma da zarar an rufe an buɗe, manhajar ba ta tuna jiya. Yatsuna biyu da suka tafi ban ji abin da na ji ran nan ba.

Ni na kira sakatare, Malam Garba, da bakina na gaya masa. Ba kama ni aka yi ba. Ina so wannan ya shiga kunnen masu cewa an gano ni.

Na huɗu: nawa laifin, da wanda ba nawa ba.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni bari in fara da wanda nake tsaye a kai. Na danna "e" ban duba ba, wannan nawa ne. Shekara bakwai ban sa lambar sahu da lambar kabari a gaban kowane suna ba, na dogara da jeri kawai, wannan ma nawa ne, kuma shi ya fi ci mini rai. Kwafin rajistar da ke cikin fulash ɗina, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya shekara uku ban sabunta shi ba, ya tsaya a ƙarshen sahu na bakwai, alhali yanzu muna cikin na goma sha ɗaya. Wannan na uku. Sahu bakwai sun tsira, huɗu sun rikice. Duk wanda ke son ya zage ni a kan waɗannan uku ya zo rumfata, zan ba shi kujera da shayi ya zage ni a zaune.

Amma takardar da Malam Garba ya kawo mini in sa hannu ba waɗannan ta ƙunsa ba. Cewa ta yi na canza maɓallan na'urar ƙungiya ba da izini ba, kuma wannan ne ya jawo ɓarna. Alhaji, ba zan sa hannu ba. Ko da yatsa takwas, ko da guda ɗaya ya rage. Canjin da na yi shi ne ya tsare rajistar nan shekara bakwai daga wannan masifa. Ranar da aka tashe shi, kwana ɗaya ba ta ƙara ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ban ce jakin Malam Nasiru ne ba. Ya zo rumfata da kansa, ya tsaya a rana, ya ce ya ga filastar amma ya ɗauka tsohuwar alama ce, bai duba ko maɓallin yana da mai shi ba kafin ya zuba nasa. Ya nemi gafara, na yafe, shi ma ya yafe mini baƙar maganar da na gaya masa ran Alhamis. Ya ce ya faɗi haka a zaman kwamiti, aka ce ya yi shiru, an riga an yanke. Zaman da aka yi ba a kira ni ba. Ko akuya za a yanka, ana ba ta ruwa tukuna.

Jakin shi ne mutum biyu a kujera ɗaya da takardar saiti ɗaya, ba wanda ya ce su zauna su raba maɓallai. Wannan kuwa aikin wanda ya haɗa su ne.

Sai kuma maganin da kuka kawo, wanda ya sa na yi dariya ni kaɗai a kasuwa har maƙwabcina ya ɗauka rana ta taɓa ni. Kun ce a mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, a kulle, kada kowa ya sake taɓawa. To, Alhaji, a yadda ya fito daga kamfani F9 na jera layuka ne. Wato kun kama maciji, kun mayar da shi raminsa, kun sa kwado a ƙofa, kun ce yanzu gida ya yi lafiya. Na kuma leƙa ta taga shekaranjiya, filastata tana nan a kan maɓallin tana cewa ADANA. Duk wanda ya zauna a kujerar nan ya gaskata ta, abin da ya same ni zai same shi. Ku ɓamɓare ta yau, ko da ba za ku karanta sauran wasiƙar nan ba.

Gyaran rikicin maɓallai ba kullewa ba ne, kuma ba ya bukatar takardar shaida. Kafin ka ba maɓalli aiki, ka buɗe jerin umarni ka nemi sunansa, ka ga wa ke zaune. In da mai shi, ko ka nemi wani wuri, ko ka tashe shi da saninka, ka kuma gaya wa abokin aikinka. Kowa ya sami takardar saiti da sunansa, ya buɗe tasa in ya zauna, ya rufe in ya tashi, kamar yadda kowa ke ɗauke tabarmarsa. Umarni masu haɗari, irin jerawa da gogewa, a raba su da maɓalli guda ɗaya da gwiwar hannu ma za ta iya dannawa. A kwamfutar da rajista ke ciki kuwa, a cire wa jerawa maɓalli gaba ɗaya. Ni da Malam Nasiru mun zauna mun rubuta wannan a bayan kwalin shayi, bai ɗauke mu tsawon shan kofi biyu ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Da a kan kujera ce kawai, da na yi shiru. Kujerar biro ba ta taɓa ciyar da ni ba, rumfata ke ciyar da ni. Abin da ya hana ni shiru shi ne Baba Amadu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, dattijo ne daga Tasawa, mahaifin Sale mai gyaran janareta da ya zauna a unguwar Tayuri, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Mutumin nan ya haura sittin, ya hau bayan mota ya ƙetare Sahara, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Bai zo neman aiki ba, bai zo karɓar kaya ba. Uwar Sale ce ta kasa haƙura, kullum tana tambaya ko an ma binne shi kamar Musulmi. Shi ne ya ce zai zo ya tsaya a kan kabarin, ya koma ya ce mata na gani da idona.

Ya iso ranar Litinin, kwana biyu bayan an karɓe makullina. Sale yana cikin sahu huɗun da suka rikice. Ba wanda ya aiko a kira ni. Malam Idi kuma yana gona wajen dabino. Sai Malam Garba ya sa dattijon a mota, ya kai shi maƙabarta, ya tsaya a sahu na uku, kusa da ƙofa, inda ba sai an yi tafiya cikin rana ba, ya nuna masa wani kabari ya ce ga ɗanka.

Malam Idi ne ya dawo ya tarar da alamar ruwan da aka yayyafa da ɗanyen reshen dabino a kafe a kan kabarin, ya yi tambaya, ya zo mini kasuwa. Sahu na uku yana cikin fulash ɗina, Alhaji. Kabarin da aka nuna masa, na biyar daga katanga, na Hamani ne, Bazabarme mai facin taya, wanda na rubuta sunansa da hannuna shekara shida da suka wuce, lokacin da Sale bai ma bar Tasawa ba.

Na tari Malam Garba da maganar. Bai musa ba. Ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya, duk inda aka yi ta za ta isa ga mai ita, ya ce tsoho ya sami natsuwa, me zan ci in na tayar masa da hankali. Ya ƙara da cewa da saninka aka yi. Wannan na ƙarshen ban gaskata ba tukuna, ina jiran in ji daga bakinka. Batun addu'a kuwa gaskiya ya faɗa, malamai ma haka suka ce. Amma in haka ne, ai Baba Amadu yana iya yin ta daga Tasawa a kan buzunsa. Ba addu'a ce ta hau da shi mota ba, wuri ya zo gani. In wurin ya ɓace mana, sai a gaya masa ya ɓace, a bar shi ya zaɓi abin da zai ce wa matarsa. Na yi shekaru a kasuwa, na sayar da dabinon bara na ce na bana ne, Allah ya yafe mini. Amma ko a ranar da na fi kowa rashin kunya ban taɓa tunanin akwai mai iya yin wannan ciniki da kabari ba.

Kada kwamiti ya wahalar da kansa wajen roƙona in rufe baki. Na riga na gaya masa. Jiya bayan la'asar na same shi a masaukinsa a Tayuri, ya ɗaure kayansa, motarsu za ta tashi da safe. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da nawa laifin, ban rage ba. Na yi zaton zai zage ni, na ma shirya. Abin da ya tambaya kawai shi ne, to kabarin wa ya tsaya a kai. Na ce na wani Hamani ne, ba wanda ya taɓa zuwa nemansa. Ya ce to shi ma Allah ya kai masa baƙo, kada a cire reshen. Sannan ya kwance ɗaurin kayansa.

Motar ta tafi ba shi. Wata ba za ta tashi ba sai bayan kwana goma, ita kuwa dole ya bi ta, domin damina ta kusa, gonarsa ba mai shuka. Yanzu haka da nake wannan rubutu a kwamfutar aro yana zaune a bencin rumfata yana jan carbi, bai ce mini in yi sauri ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba roƙo irin na mai neman alfarma ba.

Ɗaya, kwalin takardun izinin binnewa da ke kulle a kabad ɗin biro, a fito da shi. Suna ɗauke da ranaku. Su kaɗai ba za su isa ba, domin wani kan yi makonni a talaja, wato ɗakin sanyin asibiti, ana neman danginsa, wanda ya rasu bayansa ya riga shi shiga ƙasa. Amma in aka haɗa su da ƙwaƙwalwar Malam Idi, wanda ke tuna wa ya haƙa wa ranar iska, wa ya haƙa wa da azumi a baki, da abin da ni na tuna, da shaidar waɗanda suka ɗauki makara, muna iya mayar da mafi yawa wurinsu.

Biyu, duk wanda ya halarci jana'izar Sale mai janareta, ko ta wani a cikin shekara ukun nan, ya zo rumfata ko ya aiko saƙo, ya faɗi wa aka binne kafin nasa da wa ya biyo baya. Wannan ba izinin kwamiti yake bukata ba, jama'a nake gaya wa.

Uku, a buɗe takardar saiti, a bar ni da Malam Nasiru mu raba maɓallai a gaban shaidu biyu, mu sa lambar sahu da ta kabari a gaban kowane suna, a buga a takarda, kwafi ɗaya a biro, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin Malam Idi. In an gama, ku ba wanda kuka ga dama kujerar.

Huɗu, a cire sanarwar da ke ƙofa. In kuna son rubuta laifina, na lissafa muku guda uku a sama, ku kwafa yadda suke, zan sa hannu a ƙasa da biro na kaina.

Biyar, Malam Garba ya je ya sami Baba Amadu. Abin da zai ce masa, shi ya sani.

Ranar Juma'a da hantsi, kafin masallaci, ni da Malam Idi da Malam Nasiru da Baba Amadu za mu kasance a maƙabarta da littafin rubutu, mu fara ƙirga daga katanga, daga farkon sahu na takwas. In kwalin ya zo, aikin kwana uku ne. In bai zo ba, za mu yi da abin da ke kanmu, kuma duk wanda ya tambaye ni dalilin jinkiri zan gaya masa inda makullin kabad yake. In Allah ya sa muka gano kabarin Sale da tabbaci, zan tsayar da mahaifinsa a kai. In muka kasa, zan dubi idonsa in ce masa mun kasa, in nuna masa sahun da ɗansa ke ciki, ya tafi da wannan, domin shi ne gaskiyar da muke da ita.

Alhaji, ba na yi maka fatan komai sai alheri. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka mashawarta masu gaya maka abin da yake, ya sa shugabancin nan ya zama hujja gare ka ba a kanka ba. Allah ya jiƙan Sale da Hamani da duk waɗanda ke kwance a ƙasar nan nesa da gida. Mu kuma in tamu ta zo, ko a nan ko a can, Allah ya sa a sami mai sanin inda aka ajiye mu.

Wassalam.

Naka,
Iliya ɗan Damagaram, Takwas,
rumfar dabino, Sabha.